Daga Bauchi Zuwa Dadin Kowa: Yaye a Shagon Walda

Wanda zai je Gombe daga Bauchi, in yana son ganin hanya, ya nemi gaban mota ya kuma yi sammako. Ni na samu gaban, a wata Sharon da ta sha jiki, muka bar gari hantsi bai ɗaga ba. Ƙarshen hunturu ne, sanyi ya fara sakin jiki amma hazo bai gama janyewa daga kan duwatsu ba. Gayyata ce ta tashe ni. Wani tsohon ɗalibina, wanda na koya wa aikin ƙarfe a makarantar fasaha kafin in yi ritaya, yana da shagon walda a Gombe, zai yaye yaransa, ya ce lallai sai na zo na sa albarka.

Direbanmu saurayi ne, bai kai talatin ba. Motar ba tasa ba ce, balas yake kai wa mai ita kowace yamma, ko an samu fasinja ko ba a samu ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, in ji shi, lissafin ya koma na ranar da za ka tashi da wani abu da ranar da za ka yi wa mai mota da gidan mai aiki kyauta. Yana magana yana kauce wa ramuka da hannu ɗaya. Muka haye gadar Dindima, kogin Gongola ya janye ya bar rairayi, samari na lodin yashi da shebur a cikin tifa. Gaba kaɗan mahaɗar Yankari, sai buhunan gawayi jere a bakin titi, sai masu sayar da fetur a galan. Duk inda ka duba a hanyar nan matashi ne ke aikin, kuma da wuya ka ga mai zaman banza. Masu cewa yaran yanzu 'yan son banza ne su biyo hanyar Gombe da safe.

A Alkaleri zance ya koma kan mai. Kolmani tana wannan yanki, kan iyakar Bauchi da Gombe, inda Shugaba Buhari ya zo a watan Nuwamban 2022 ya ƙaddamar da aikin haƙo mai. Wata hajiya a baya ta ce ita dai 'ya'yanta na jira. Sai wani dattijo da ke kusa da ita, wanda ya ce ya yi aiki a Fatakwal shekaru, ya tambaye ta me suka karanta. Ta faɗa. Ya ce, "Hajiya, ko gobe man ya fito, wanda zai haɗa bututu daga wani wuri za a kawo shi. Kamfanin mai ba ya ɗaukar mai walda sai da takardar gwaji. Namu sun iya, amma wa ya shaida?" Motar ta yi tsit na ɗan lokaci, sannan aka koma kan tsadar masara.

Daga Bara zuwa Gombe ba wani abin faɗa, ban da filin jirgi na Lawanti da sababbin gine-ginen Tumfure. Gombe a kwari take, sai ka gangaro kake ganinta gaba ɗaya. Garin ba tsoho ba ne kamar Bauchi, a 1919 aka dawo da hedikwatar masarauta nan daga Nafada, auduga da jirgin ƙasa suka raya shi, sannan ya zama babban birnin jiha a ranar 1 ga Oktoban 1996 da aka cire Gombe daga jikin Bauchi. Har yau akwai unguwar da ake kira BCGA, sunan kamfanin audugar Turawa, ko da yake yaran da ke zuga Keke Napep a wurin ba lallai su san dalilin sunan ba.

Shagon ɗalibin nawa rumfar kwano ce a bakin wani layi, gabanta cike da ƙofofi da tagogi da gadajen ƙarfe, gefe guda kuma injin sussukar masara da suka ƙera da kansu, an shafe shi da koren fenti. Ya taso da gudu ya durƙusa. "Malam, sannu da hanya. Ya iyali? Ya ƙarfin jiki?" Yaran suka ajiye aiki suka zo gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, suna ce mini Baba.

Kafin a fara taro na zauna a kan benci ina kallon wani yaro da bai wuce sha bakwai ba yana haɗa firam ɗin ƙofa. Ya ɗora ƙarafan a kan simintin da ya tabbatar a miƙe yake, ya sa sukwaya ya duba kusurwa, ya ɗiga walda a kusurwa huɗu kawai, sannan ya ɗauki tef ya auna daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya sake aunawa ta ɗaya ɓangaren. Ya ga bambanci kaɗan, ya ɗauki guduma ya ɗan buga, ya sake aunawa, sai da awon biyu suka zo daidai sannan ya bi ya cike waldar, yana tsallakawa daga gefe zuwa gefe don kada zafi ya karkatar da ƙarfen. Wannan shi ne abin da nake shafe zango guda ina koyarwa a aji. Amma abin da ke fuskarsa baƙin tabarau ne na kasuwa, irin na 'yan gayu, ƙafarsa kuma silifas. Na tambaye shi idon ba ya damunsa? Ya ce, "Da daddare ne, Baba, kamar an zuba yashi. Da safe ya wuce." Na kira maigidan na yi masa faɗa, ya sunkuyar da kai ya ce garkuwar fuska biyu ce a shagon, yara kuma sun fi goma.

Injinan walda uku ne a wurin. Biyu daga ciki, in ji shi, a hannun waɗanda aka raba wa kayan tallafi ya saye su, sababbi fil a kwali. An tara matasa an yi musu horon mako biyu, an ɗauki hoto, an miƙa wa kowa inji. Wanda bai taɓa riƙe sandar walda ba kafin ranar, ba shi da shago, ba shi da wuta, ba wanda zai ba shi aiki, me zai yi da inji? Kafin sati ya zagayo kayan suna kasuwa a rabin kuɗi. Haka kekunan ɗinki, haka injinan markaɗe. Ban ga laifin yaran ba. Wanda ya tsara rabon ne bai tambayi kowa ba, ko kuma ya san abin da yake yi, hoton yake so.

Na ce to shi me yake so a yi masa? Bai yi dogon tunani ba. "Wuta, Malam. A ba ni wuta daga safe zuwa la'asar, ko ba a ba ni sisi ba zan ƙara yara biyar." Ya tuna mini da 2024, lokacin da ɓarayi suka lalata turakun babban layin da ke kawo wuta daga Jos, Gombe da Yola da Jalingo suka shafe makonni a duhu. Janareta ya koma, kuɗin mai ya cinye ribar, ya sallami wasu yaran ya ce su zauna a gida har abin ya daidaita. Biyu ba su dawo ba. A Gombe in an ce yaro ya bar wurin sana'a ya koma bakin layi, kowa ya san abin da ake tsoro. Sunan 'yan dabar Kalare ba baƙo ba ne a garin nan, kamar yadda Sara-Suka ba baƙo ba ne a wurinmu a Bauchi, kuma kowa ya san ba yaran ne suka ƙirƙiri kansu ba, masu neman kujera ne suka same su a zaune.

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi. Liman ya zo, iyayen yaran suka zo, aka raba goro da alawa da lemo. Yara uku ne ake yayewa, kowannensu ya yi shekaru a ƙarƙashin maigidan. Aka yi addu'a, ya tashi ya faɗi halin kowane, ya yafe musu, su ma suka nemi gafara. Ya ba kowa guduma da tef da sukwaya da injin yankan ƙarfe na hannu. Mahaifiyar ɗaya daga cikinsu ta rangaɗa guɗa daga cikin zaure. Sannan aka miƙo mini takardun shaida in ba su da hannuna. Na duba. A shagon kwamfuta aka buga su, da zanen fure a gefe, da sunan shagon, da hatimin roba da maigidan ya sa aka sassaƙa masa. Na miƙa ina murmushi, amma maganar dattijon nan na mota ce ta faɗo mini. Wannan takarda, da duk shekarun da ke bayanta, ba ta wuce ƙofar kamfanin siminti na Ashaka ba, balle Kolmani.

A nan ne nake ganin gwamnatoci, namu da na wasu ƙasashe masu tarin matasa irin namu, suke barin hanya su shiga daji. Makarantar sana'a mafi girma a ƙasar nan ba gwamnati ce ta gina ta ba. Tana gareji, tana shagon tela, tana wurin masu gyaran waya da kafintoci da masu ɗinkin takalmi, kuma iyaye ne ke kai yaro da hannunsu su ce "ga amana". Jamus, da ake ta ba da misali da ita, ba wani abin al'ajabi ta yi ba illa ta ɗauki irin wannan tsari ta ba shi doka. Yaro yana yin wasu kwanaki na mako a wurin aiki, wasu a makarantar sana'a, na tsawon shekara biyu zuwa uku da rabi, ana biyansa ɗan albashi, a ƙarshe ƙungiyar masu sana'ar ta yi masa jarrabawa, takardar da ya samu kuma ko'ina a ƙasar an san darajarta. Mu ma ba a rasa tanadi ba. Asusun ITF, na horar da ma'aikatan masana'antu, yana nan tun 1971, hedikwatarsa a Jos, tafiyar 'yan sa'o'i daga shagon nan. Hukumar NBTE da ke Kaduna, mai kula da ilimin fasaha, tana da tsarin ba da shaidar ƙwarewa mataki-mataki, wanda ya yarda a gwada mutumin da ya koyi aikinsa a wajen aji. Ma'aikatar ƙwadago na yin gwajin sana'a. Sai dai yaron da ke BCGA ko Bolari bai san da su ba, in ma ya sani, kuɗin fom da na mota da kwanakin da zai bar aiki sun fi ƙarfinsa. Da za a ɗauki kuɗin da ake kashewa a rabon inji na rana ɗaya, a ɗauko masu gwaji a kawo su layin masu walda sau biyu a shekara, a biya maigida wani abu a kan kowane yaron da ya ci, a sa sharaɗin garkuwar fuska da takalmi da karatun awo da lissafi na yamma, da an ga bambanci kafin zaɓe ya zagayo.

Da daddare muka zauna a majalisarsu, teburin mai shayi a gefe. Akwai wanda ya yi N-Power, shirin da aka fara a 2016 ana biyan masu digiri naira 30,000 a wata. Ya koyar a wata firamare, ya ce ya ji daɗin aikin, yaran ma sun saba da shi, ranar da wa'adi ya cika aka ce kowa ya kama gabansa, ajin ya koma ba malami, shi ya koma ba aiki. Wani ya kawo zancen dokar da aka sa wa hannu a ƙarshen Mayun 2018, wadda ta rage shekarun takarar majalisar wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25, ta shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35. Aka yi dariya, aka ce an buɗe ƙofa an ɗaure kare a bakinta, don a 2022 fom ɗin takarar majalisar wakilai a APC naira miliyan 10 ne, ko da rangwamen da aka yi wa matasa, ina mai shayi zai gan su? Manufar matasa ta ƙasa ta 2019 ta ce matashi shi ne ɗan 15 zuwa 29, amma je taron jam'iyya ka ga shugaban matasa da furfura da jikoki.

Abin da ya fi ba su sha'awa shi ne da na ba su labarin Kenya. Can tun 2013 aka ware kashi 30 cikin ɗari na sayayyar gwamnati ga kamfanonin matasa da mata da masu buƙata ta musamman. Ɗalibina ya ajiye kofinsa. Ya ce kujerun makarantun firamare kawai, da tagogin asibitocin karkara, in aka ce masu walda da kafintocin kowace ƙaramar hukuma su za su yi, layinsu ba zai sake sallamar yaro ba. Sai ya ƙara da nasa sharaɗin, wanda ni ban yi tunaninsa ba: a biya cikin wata guda. Babban ɗan kwangila na iya jiran kuɗinsa shekara, shi in aka riƙe masa wata uku shagon ya rufe, don bashin ƙarfe yake ɗaukowa a kasuwa. Na kuma gaya musu yadda ƙasashen Tarayyar Turai suka yi alkawari a 2013 cewa duk matashin da ya gama makaranta ko ya rasa aiki, cikin wata huɗu za a nemo masa aiki ko horo ko ƙarin karatu. Ba ko'ina alkawarin ya cika ba, amma ya tilasta wa hukuma ta san sunan yaron da inda yake. Mu nan yaro na gama sakandare ya ɓace daga kowane littafi, sai ranar rajistar zaɓe a tuna da shi.

Washegari ɗalibin nawa zai je Dadin Kowa auno wani aiki, na ce sai da ni. Hanyar Biu muka bi. A Kwadon kwandunan tumatir da buhunan albasa da tattasai sun cika bakin titi, ana lodi zuwa Kudu. Daga nan ƙasa ta fara yin kore, abin da ido ya kwana biyu bai gani ba a wannan lokaci na shekara. Madatsar Dadin Kowa a kan Gongola take, kogin nan dai da muka haye a Dindima yana rairayi, nan kuma ruwa ne iya ganinka. Tun shekarun 1980 aka gina ta, amma tashar wutarta mai megawat 40 ta shafe shekaru masu yawa kafin ta fara aiki. A kusa ne gwamnatin jiha ta kafa filin masana'antu da aka sa wa sunan Muhammadu Buhari, da niyyar ya sha daga wannan wuta. Ga kuma Kwalejin Tarayya ta koyon aikin lambu a garin. Ruwa, wuta, makaranta, ƙasa mai kyau, duk a wuri ɗaya.

Wanda ya kira mu saurayi ne mai noman rani, shi da ƙanwarsa. Ita ce ta yi kwalejin, ita ke renon irin tumatir da tattasai a ƙarƙashin wata rumfar raga da suka haɗa da gora, tana sayar wa maƙwabta dashe. Ta ɗago wani faranti mai ƙananan ramuka ta nuna mini, kowane rami da tsiro ɗaya, ta zare guda da ƙasarsa, saiwar fara tas ta naɗe. "Kawu, wannan in ka dasa ba ya kwanciya. Na watsawa a ƙasa kuwa sai ka yi asarar kashi ɗaya cikin uku." Ta ce matan unguwarsu da yawa na son koya, abin da ke hana su fili ne, don mace ba ta cika samun hayar gona da sunanta ba sai ta bi ta hannun wa ko miji.

Filin nasu ma haya ne, shekara-shekara. Shi ya sa, in ji yayan, ba zai haƙa rijiya mai kyau ko ya dasa mangwaro ba, don bai san ko baɗi mai gonar zai karɓe ba. Bashin noma kuwa ya taɓa cikewa, kuɗin bai fito ba sai da aka yi girbi. Ga injin ban ruwa yana shan fetur kamar ba gobe. Ga tumatir, ranar da naka ya nuna ranar na kowa ya nuna, kwando ya faɗi warwas, dillali ya sa farashin da ya ga dama don ya san ba ka da inda za ka ajiye. Tsofaffin wurin suna tuna lokacin da kamfanin tumatirin gwangwani na Vegfru ke aiki a yankin, manomi ya san inda zai kai kayansa tun kafin ya shuka. Shi ya sa bana ya raba gonar, rabi albasa, don ita tana jira a rumbu har farashi ya tashi.

Ban ji ya ambaci tallafi ko sau ɗaya ba. Hayar fili ta shekara biyar a rubuce yake so, a ƙasar da hukuma ke bai wa ruwa, da bashin da zai zo kafin shuka, da mai saye da zai tsaya a kan magana. Fetur kuwa ya riga ya yanke shawara da kansa: ya sayar da babur ɗinsa ya sayi famfo mai aiki da hasken rana da faifai huɗu. Abin da ya rage shi ne ƙarfen da za a ɗora faifan, mai tayoyi, yadda zai tura shi gida da yamma saboda ɓarayi, ya kuma juya shi ya bi rana. Aikin da aka kira ɗalibina ke nan.

Ya fito da tef ya auna faifan, ya zana a bayan kwalin taliya, ya ce tayoyin baro za su yi, ya faɗi kuɗi. Manomin ya riƙe baki. "Haba Oga, ai sai in sayar da gonar da ba tawa ba." Aka yi ta ja, ƙanwar na tsoma baki tana cewa a rage kaurin ƙarfen, mai walda na cewa in ya rage iskar bazara za ta kwashe musu faifan ta kai Borno. Daga ƙarshe suka tsaya a kan rabi yanzu, rabi in an sayar da albasa, ba takarda ba shaida sai ni da ke tsaye. Mai waldan ya ce ɗaya daga cikin yaran da aka yaye jiya shi zai yi aikin, ya kawo ranar kasuwa. Aka cika mana leda da tattasai, muka fito titi neman motar Gombe.